Ƙofar Saunar Maza

Kun gani. Kada wani ya ce mini bai gani ba. Ranar da aka saki tallan wasanmu, Ruwan Bazara, kuna ta tura wa juna hoton kogin da gungumen itatuwa, alhali a can ƙasan allo akwai wani ɗan siririn layi da aka rubuta da launin toka: na kwamfuta sai nan gaba. Kun karanta, kun taɓe baki, kun wuce kun yi odar na akwatin wasan da ake haɗawa da talabijin. Saƙonnin da kuka cika mini waya da su kuwa duk tambaya ɗaya ce: Vilja, kin karɓi zoben Tuukka ko ba ki karɓa ba? Wata har tana tambayar launin rigar da zan sa. To ku gyara zama. Zan ba ku labarin zoben, amma tare da labarin layin nan za ku haɗiye shi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Vilja, 'yar birnin Tampere, ni ke jagorantar masu kula da ɓangaren kwamfuta a wani ƙaramin kamfanin wasannin gem da ke cikin tsohuwar masaƙa a bakin ruwa. Wasan namu na mutum huɗu ne. Suna tsaye a kan gungumai suna kora su cikin kogi lokacin da ƙanƙara ta narke, kamar yadda kakanninmu suka yi, in ɗaya ya yi sake duka su faɗa ruwa. Ba don mutum ɗaya aka yi shi ba. Tuukka shi ke riƙe da jadawalin aikinmu, shi ke magana da kamfanin Landan da zai kai wasan kasuwa, shi ne kuma mutumin da mahaifiyata ta riga ta saƙa wa safar ulu har kala biyu.

Sai yayana, Aatos. Ciwon da ke cinye tsoka ya fara da yatsunsa, ya ci hannayen, yanzu yana lallaɓa wuyansa. A da direban tirela ne. Yau a kan keke yake, gabansa allon kwamfuta, a ƙarƙashin allon akwai wata 'yar na'ura da ke bin ƙwayar idonsa. Inda ya kalla nan abu ke tafiya, in ya ƙifta ya danna. Da ita yake rubutu, da ita yake wasa da abokansa uku masu irin lalurarsa, ɗaya a Oulu, ɗaya a Joensuu, da wata tsohuwar malamar lissafi a Vaasa. Suna kiran kansu 'Yan Ƙifta Ido. Na'urar nan da kwamfuta kaɗai take aiki. Akwatin da za a kai wasanmu bai san da zamanta ba.

Ni na gina wa Ruwan Bazara hanyar wasa da ido. Na zauna a ofis na ɗaure hannayena a baya da gyale, na yi ta kora gungume da kallo har hawaye na zuba. Tana aiki. Na kwamfutar ya gama nuna tun kafin na akwatin ya fara rarrafe, domin kowane gem a duniya a kan kwamfuta ake haifarsa. Na yi wa Aatos alkawarin kafin Kirsimeti zai hau kogi da mutanensa.

Wata Litinin da safe muna tsaitsaye a taron mako, kowa riƙe da kofin gahawa, Jarkko, mai kamfanin, ya gyara murya. Dogo ne mai gemu, kullum cikin rigar sanyi mai hula kamar ɗan jami'a.

"Na kwamfuta zai jira," ya ce. "Shekara ɗaya da rabi bayan na akwati. Mun tattauna, mun cimma matsaya."

"Su wa suka tattauna?" na tambaya.

"Mu da Dermot." Dermot shi ne wakilin kamfanin Landan.

"Yaushe? Ban ga kiran taro ba."

Jarkko ya kalli cikin kofinsa. "Ranar Juma'a."

"Ranar Juma'a ai sauna muka je."

Kowa ya kawar da kai. Nan na gane.

Duk ƙarshen wata kamfani kan kama wani ɗan gidan katako a bakin tafki, a tashi aiki da wuri a tafi sauna, wato ɗakin wankan tururi. Mata mu fara shiga, mu fito, sai maza su shiga. Mu muna baranda da tawul a kai muna juya naman sosej a kan wuta, su suna ciki suna zuba ruwa a kan duwatsu masu zafi. Ba a faɗa a sauna, ba a ɗaga murya, ba a shiga da muƙami. Shi ya sa manya ke son yanke magana a can: wanda bai yarda ba ma kunyar musu yake ji. Ranar nan ina waje ina gasa musu abin da za su ci, suna ciki suna yanka aikina na shekara huɗu.

Na juya na kalli Tuukka. Yana ta gyara wani abu a jikin agogonsa wanda bai lalace ba.

Lahadi muka haɗu a gidan Mama a unguwar Nekala, kamar kowane mako. Na sa baƙin wando da tsohuwar rigar ulu ta Baba, marigayi, wadda gwiwar hannunta ta huje. Da gangan na sa. Mama ta buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa.

"Haka za ki zauna gaban mutum? Ina shuɗiyar rigar da na saya miki?"

"Tana wanki."

"Tun bazara take wanki."

Tuukka ya riga ni zuwa. Takalmansa na jere a bakin ƙofa tsaf, shi kuma yana kicin cikin safar da Mama ta saƙa masa, yana yanka burodin hatsin rai kamar ɗan gida. Ya sa farar riga mai maɓalli, ya aske gemu. Ba zan yi muku ƙarya ba, da ya ɗago ya ce "Vilja," sai da na kusa manta haushina. Mutumin nan ya iya kallon mutum. Shi ya gyara gangaren da keken Aatos ke hawa, shi yake ɗaukarsa zuwa kallon wasan ƙwallon ƙanƙara. Da mugu ne da labarin nan ya yi sauƙi.

Mama ta kawo miyar kifi da madara, tana tururi, ta zauna kusa da Aatos tana ba shi a cokali. Maganarsa ta yi nauyi yanzu, sai ka saurara, amma bakin nan bai mutu ba.

"Auta," ya ce, "na ji an ce kogin naki ya daskare."

"Tambayi surukin Mama."

"Ba a teburina ba," in ji Mama. "Ni maganar coci nake so a yi. Na kira ofishinsu, Asabar ɗin Yuli duk sun kusa ƙarewa. In ba a kama rana yanzu ba sai wata shekarar."

"Mama, ko zoben ban karɓa ba."

"To me kike jira? Ya faɗo daga sama?"

Tuukka ya ajiye cokali, ya dubi Mama. "Sirkka, bari in yi mata bayani, tana da gaskiyar jin haushi." Ya juyo gare ni. "Vilja, masu akwatin nan so suke mutane su sayi akwatinsu. Hanyar da suke bi ita ce su biya a ba su wasa su kaɗai na wani lokaci. Abin da za su biya shi zai riƙe kamfaninmu har mu gama wasa na gaba. In ba shi, rabin mutanen da kike sha gahawa da su za su koma gida."

"Ci gaba."

"Na biyu, 'yan Landan na tsoron ɓarayi. Wasa ya fita a kwamfuta yau, kafin mako ya zagayo an fasa shi ana rabawa kyauta."

"Waɗanda ke sata ba za su saya ba ko ka jira shekara goma. Waɗanda ke biya su kuke hukuntawa."

"Na uku, akwati duk iri ɗaya ne. Kwamfuta kuwa kowa da tasa, wani tsohuwa, wani ya harhaɗa da kansa. Gwaji na cin lokaci."

"Wa ya yi gwajin? Ni. Ka ga sakamakon da idonka, ka ce mini ya fi na akwatin tsabta. Faɗi na huɗun."

Ya juya cokalinsa a kan tebur.

"Faɗi mana," in ji Aatos. "Ni ma ina son jin na huɗu."

Tuukka ya sauke murya. "Wanda ya saya a akwati, in na kwamfuta ya fito ya fi kyau, yakan sake saya."

"Ka ji," na ce. "A sayar wa mutum abu ɗaya sau biyu. Da shi ka fara da ba mu ɓata miya ba."

"Akwai madannai na musamman da ake haɗawa da akwati," ya ce, "ga masu lalura..."

"Masu buƙatar hannu ko ƙafa," in ji Aatos. "In ka ga inda ake sayar da waɗannan, ka sayo mini biyu-biyu." Ya yi dariyarsa mai kama da tari, Mama ta goge masa baki. "Shekara ɗaya da rabi, ko? Ka haɗa 'yan Landan da likitana. Shi ma yana da nasa jadawalin, kuma bai kai nan ba."

Mama ta tashi ta shiga kicin wai za ta ɗora gahawa. Mun ji famfo na zuba ya daɗe.

A nan ne Tuukka ya sa hannu a aljihu. Na ɗauka zoben ne, har na fara shirya fuskata. Sai ya fito da wata 'yar ma'ajiyar kwamfuta, ƙarama kamar ɗan yatsa, ya ajiye kusa da kwanon man shanu.

"Wasan ne gaba ɗaya," ya ce. "Na kwamfuta, da hanyar ido. Na kwafo da hannuna. In aka sani aikina ya tafi. Aatos ya yi wasansa yau ɗin nan. Abu ɗaya nake roƙo, Vilja: ki bar maganar a ofis. Kada ki tada ƙura kafin a sa hannu."

Ku da ke karantawa kuna jin daɗin kujerunku, ku faɗa mini abin da za ku yi. Hannuna har ya kai rabin tebur. Ga ɗan'uwana, ga abin da na yi masa alkawari, tsakaninsu bai fi tsawon cokali ba. Me ya dame ni da sauran duniya?

"Mutanena fa?" in ji Aatos.

"Kai kaɗai ne," Tuukka ya ce. "Ba zai haɗu da kowa ba, ba a buɗe layin ba. Kuma kada ka faɗa wa kowa."

"Wasan mutum huɗu."

"Kwamfuta za ta riƙe sauran ukun."

"In hau gungume da aljanu uku, sannan da yamma Malama Orvokki ta kira daga Vaasa ta ce yaya labarin kogi, in ce mata ban sani ba." Ya juya idonsa gare ni, tunda wuyan ba ya juyawa sosai. "Auta, janye hannunki. Tuukka, na gode, kai mutumin kirki ne. Mayar da abinka aljihu kafin Mama ta ɗauka sukari ne ta jefa a gahawa."

Na janye hannuna. Kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi.

Mama ta raka ni bakin ƙofa, tana cusa mini burodin kirfa a jaka. Ta yi ƙasa da murya.

"Yaron nan ya sa aikinsa a wuta saboda ɗan'uwanki. Wane namiji ne zai yi haka? Ke komai sai kin mai da shi yaƙi. Ina so in ga Aatos a cocin nan yana zaune a layin gaba. Kin gane abin da nake nufi? Ba ni da wata Yuli da zan jira."

Na gane. Ita ma lokaci take tsere da shi, kamar ni. Sai dai ita biki take so ya gani, shi kuma kogi ya roƙa.

Makon nan wayata ba ta huta ba.

Tuukka: "Kin ci abinci?"

Ni: "Ka yi musu magana?"

Tuukka: "Ba haka ake yi ba, Vilja. Sai a hankali."

Ni: "A ina ake yi? Faɗa mini ɗakin in zo."

Mama ta turo hoton wata farar riga mai dogon hannu, ba ta rubuta komai ba. Aatos ya turo hoton gungume a cikin ruwa da ya samo a wani wuri, ya rubuta a ƙasa: "Wannan ya fi ni sauri."

Na rubuta wa Jarkko ina neman a zauna a ofis, da ni, da Dermot. Ya amsa da cewa an riga an wuce wurin. Na je wurin sauran matan kamfanin, kowacce ta ce gaskiya ne abin ba daɗi, amma haka ake yi a ko'ina, ba mu muka fara ba. Wannan kalmar, haka ake yi, ita ce ta fi ƙona mini rai. Mutane masu digiri biyu-biyu, masu iya gina kogi da babu shi, an ce musu ga ƙofa a rufe, sun ce to.

Sai labari ya zo cewa Dermot zai dawo, kuma an matso da ranar sauna saboda shi.

Juma'ar nan iska na kaɗowa daga tafki da sanyin kaka, ganyen bishiyoyi sun fara rawaya. Ban shiga layin mata ba. Na zauna a baranda cikin rigar ruwa ruwan ɗorawa da takalman roba, na jira har mata suka fito, maza suka tuɓe a ɗakin canji suka shiga. Na ba su lokaci su zauna, su zuba ruwan farko, jiki ya saki. Na ji muryar Jarkko tana tashi a hankali, irin muryar da yake yi in zai yanke magana.

Ƙofar sauna ba ta da makulli. Ba a taɓa sa mata ba, don kada zafi ya kayar da wani a ciki. Abin da ke tsare ta kawai shi ne kowa ya san ba a yi.

Na shiga ɗakin canji da takalmana, na buɗe ƙofar waje na tokare ta, na juya wa ɗakin zafin baya don kada in ga abin da ban zo gani ba, na kama mariƙin katakon na ja. Na jingina bayana da ƙofar, na tsaya.

Tururi ya bugi ƙeyata ya wuce waje kamar garken tumaki. Iskar tafki ta shiga a madadinsa.

Can wani ya ce, "Ƙofa."

Ban motsa ba.

"Ƙofa a buɗe take," in ji Jarkko, a natse, kamar mai ba da labarin yanayi.

"Na sani. Ni na buɗe."

"Vilja? Zafi na fita."

"Shi nake jira ya gama fita. In ya fita ku ma ku fito. Akwai tebur a baranda, akwai kujeru, akwai ni."

"Wannan ba ɗabi'a ba ce."

"Yanke aikin mutum a ɗakin da ba zai iya shiga ba fa, ita ce ɗabi'a? Na nemi taro, ka ce an wuce wurin. To na zo wurin."

Wani ya zuba ruwa a kan duwatsu, suka yi ƙara, tururin ya bi ta kaina ya tafi tafki. Wani ya yi tsaki. A ƙasar nan za ka iya zagin gwamnati, ka zagi uban mutum ma a yafe maka bayan shekaru, amma ka bar ƙofar sauna a buɗe, wannan har jikokinka sai an ba su labari. Matan da ke baranda sun daina juya sosej, sun tsaya suna kallo ta taga.

Na ji takun ƙafa a bayana. Ƙamshin sabulun da na sani.

"Matsa," in ji Tuukka a hankali.

"Ba zan matsa ba."

"Bayanki zai ƙone. Matsa kaɗan."

Ya ratsa ta gefena da tawul a ƙugu, ya ɗauko guntun itacen wuta daga kwando, ya durƙusa ya cusa shi a ƙarƙashin ƙofar, ya buga da dunduniya har ya kama. Ya miƙe ya ce da na ciki, "Jarkko, sauna ta mutu. Mu fita."

Zuciyar banza. A daidai lokacin nan da ya fito da zoben da na miƙa yatsa.

Dermot ne ya fara fitowa, ja wur kamar dafaffiyar ƙaguwa, yana numfashi da baki. Ina jin shi kaɗai ne ya gode mini a ransa. Suka zauna a baranda cikin tawul da rigunan wanka, tururi na tashi daga kafaɗunsu, ni ina tsaye cikin rigar ruwa. Na faɗi komai. Na ce na kwamfuta ya gama. Na ba Dermot labarin na'urar ido, da mutum huɗun da ke jira, da dubban irinsu da ba su da wata hanyar shiga wasa sai ta kwamfuta. Ban roƙa ba. Na ce a rage wa'adin, ko a saki duka rana ɗaya.

Dermot ya saurara har ƙarshe, ya sha ruwa, ya goge fuska.

"Ina jin ki," ya ce. "Ba a sa hannu ba tukuna, sai ƙarshen wata, kuma tsawon wa'adin abu ne da ake ciniki a kai. Amma me zan kai wa manyana? Oda na shigowa kamar ruwan sama. Babu wanda ya fasa. Masu kwamfuta kullum haka suke, su yi surutu kwana biyu, su jira, su saya. Masu akwati kuwa ko a jikinsu. Ki nuna mini mutanen da suka janye odarsu saboda wannan, in koma Landan da magana a bakina."

Ya juya ya dubi Tuukka da mamaki.

"Kuma ni ban gane ba. Mu wata shida muka zo da shi. Shekara ɗaya da rabi ai shawararka ce."

Iska ta kaɗa. Sosej ɗaya ya fashe a kan wuta.

Na juya na kalli mutumin da ya tokare mini ƙofa. Bai sunkuyar da kai ba, wannan kam zan ba shi.

"Wata shida ba zai riƙe mu ba," ya ce. "Na duba ta kowace fuska. In wa'adin ya yi tsawo sun fi biya, ba a sallami kowa ba. Har da mutanenki, Vilja. Su za a fara sallama."

"Ka san da Aatos lokacin da kake dubawa?"

"Na sani."

"Ka zauna a teburin uwata ka ce 'yan Landan ne."

"Ban ce su ne ba."

"Ba ka ce kai ne ba."

Jarkko ya miƙe yana ɗaure igiyar rigar wankansa. "Vilja, ki huta a gida har ƙarshen wata. Za mu yi magana in kowa ya huce." Kafin in kai tashar bas katin shigata ofis ya daina aiki, saƙon ya shigo wayata.

Tuukka ya biyo ni har bakin titi, gashinsa a jiƙe, rigarsa a bai-bai. Ya ce zoben na aljihunsa, ya daɗe yana yawo da shi. Na ce ya ci gaba da yawo da shi. Ranar da 'Yan Ƙifta Ido suka hau kogi su huɗu, ya zo ya tambaye ni, in lokacin ina da amsa. Ya ce in kamfanin ya rushe fa? Na ce to sai mu san cewa mun gina shi ne a kan jiran mutanen da ba su da lokacin jira. Bas ta zo, na shiga, bai hau ba.

Mama ta kira, ban ɗauka ba. Ta rubuto: "Me kika yi wa yaron nan?" Aatos ya rubuto: "An ce kin kashe sauna. Baba da ya kore ki daga gida. Ni na yafe miki." Saƙonnin Tuukka na nan a jere ban buɗe ba, na farkon kawai nake gani a saman allo: "Akwai abin da ban faɗa a baranda ba."

Takardar aikina ta hana ni faɗin ko kalma ɗaya daga abin da kuka karanta yanzu. Na sani, na kuma rubuta. Wataƙila Tuukka na da gaskiya game da kamfanin, ban da tabbas, kuma hakan na hana ni sukuni. Abin da na tabbata shi ne Dermot bai yi ƙarya a kanku ba. Da shirunku suke ciniki. Duk wanda ya yi oda ya wuce, ya sa hannu a wa'adin nan tun kafin su sa nasu.

Ba a sa hannu ba sai ƙarshen wata. In ka yi odar Ruwan Bazara, shiga yanzu ka janye ta. Ba gobe ba, ba in ka gama cin abinci ba. Za su tambaye ka dalili, akwai gurbin rubutu. Rubuta musu cewa za ka saya ranar da na kwamfuta ya fito, ba kafin nan ba. Ku masu akwati, da ku nake musamman, ku da hannayenku ke aiki. Ajiye wannan shafin, ɗauki wayarka, ka janye.